ƊAKIN KWANTO BISA ƘAFAFU HUƊU: YADDA MAHALBAN AMURKA DA TURAI KE GINA SHI

Kowace shekara, ran 15 ga watan Nuwamba, tun kafin assalatu, dubban mutane a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka sukan fita daga gidajensu cikin tsananin sanyi, kowa da bindigarsa da ƴar fitilarsa. Ranar ce hukuma ke buɗe farautar barewa da bindiga, har zuwa 30 ga wata. A wasu garuruwa na arewacin jihar har makarantu akan rufe saboda ita. Da yawa daga cikin mahalban nan ba su bin sawu, ba su sakin karnuka. Kowa yakan nufi wani ɗan ɗaki na katako da ke tsaye bisa dogayen ƙafafu huɗu a bakin daji, ya hau tsani, ya ja ƙyaure, ya zauna yana dako.

Ƴan uwa masu karatu, kwanto tsohuwar dabara ce ga mahalbi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan farauta ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa, ya san abin da ake nufi: kada nama ya gane mutum. Mutanen can sai suka ɗauki wannan dabara suka yi mata gini, da awo, da doka. A yau za mu duba yadda ake gina ɗakin, da dalilin kowane katako da ke jikinsa, da haɗarin da ke cikinsa, domin mutane da yawa sun karye, wasu sun rasa rayukansu, saboda ɗakin da aka gina da ganganci.

WACE IRIN BAREWA CE?

Mun kira ta barewa ne domin shi ne sunan da ya fi kusa, amma ba danginsu ɗaya da barewar dajinmu ba. Tamu ƙahonta ɗaya ne har ta mutu. Waccan kuwa namijinta ne ke da ƙaho, ƙahon kuma yana da rassa kamar icce. Yakan faɗi a ƙarshen lokacin sanyi, wani sabo ya tsiro kowace shekara. Babban namiji a jihohin arewa yakan kai kilo 100, wani ma ya wuce. In ta firgita sai ta ɗaga wutsiya, farin da ke ƙarƙashinta ya bayyana, ƴan uwanta su gani su ruga. Don haka ake ce mata barewa mai farar wutsiya.

Wajen shekarar 1900 wannan dabba ta kusa ƙarewa. Masu halbi don sayar da nama da fata, da masu sarar daji, sun rage ta har aka ƙiyasta ba ta wuce dubu 500 ba a duk faɗin Amurka. A shekarar 1900 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ake kira dokar Lacey, wadda ta hana ɗaukar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata. A shekarar 1937 kuma shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar Pittman da Robertson, wadda ta ce harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai a riƙa ba jihohi shi domin kiwon namun daji. Harajin nan kashi 11 ne cikin ɗari. Da kuɗin aka sayi dazuzzuka, aka ɗauki ma'aikata, aka kwashe barewa daga inda take da yawa aka kai inda ta ƙare. A yau ana ƙiyasta yawanta kamar miliyan 30, kusan miliyan 5 daga ciki a jihar Teksas kaɗai.

Yawan nan ya zo da tasa wahala. Kyarkeci da zakin dutse, waɗanda ke cin barewa a da, an riga an kore su daga yawancin jihohin gabas. Barewa tana ɓarna a gonakin masara da waken suya, tana cinye ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba, kuma motoci fiye da miliyan ɗaya ke karo da ita kowace shekara. Saboda haka hukumar kowace jiha takan ƙayyade adadin da za a halbe, da kwanakin da za a yi halbin, ta sayar da takardun izni. Mahalbi ya zama kamar ma'aikacin da ke rage garke bisa lissafi.

DON ME AKE HAWA SAMA?

Dalili na farko hanci ne. Barewa tana shaƙo warin mutum daga nesa ƙwarai in iska ta kawo mata shi. Mutumin da ke zaune sama, cikin ɗaki rufe, warinsa ba ya bazuwa kamar na wanda ke tsugune a gindin icce. Amma kada a ɗauka bango yana tsare wari duka. Tsofaffin mahalba sun san cewa da hantsi, in rana ta ɗumama ƙasa, iska takan yi sama da warin. Da maraice kuwa, in wuri ya yi sanyi, sai ta gangaro da shi cikin kwari.

Dalili na biyu ido ne. Idanun barewa suna gefen kanta, tana ganin kusan ko'ina kewaye da ita ba tare da ta juya ba, kuma ɗan motsi kaɗan ba ya wuce mata. Sai dai ba ta rarrabe ja da ruwan goro yadda mutum ke rarrabewa, ko da yake tana ganin shuɗi sosai. Wannan shi ya sa jihohi da yawa suka tilasta ma mahalbi sa riga ko hula mai ruwan goro mai haske: ɗan uwansa mahalbi zai hango shi, barewa kuwa ba za ta kula ba. A cikin ɗaki mutum na iya miƙe ƙafa, ya ɗaga kofin shayi, ya gyara zama, ba a gan shi ba.

Dalili na uku harsashi ne, kuma shi ne mafi girma. Harsashin babbar bindigar farauta, in aka halba shi miƙe bai samu abin da ya tare shi ba, yana iya tafiyar kilometir uku ko fiye. Wanda ya halba daga sama kuwa, bakin bindigarsa yana kallon ƙasa. Ko ya kuskure, ko harsashin ya ratsa dabbar, ƙasa ce za ta haɗiye shi. A ƙasar Jamus, inda ƙauyuka da hanyoyi ke kusa da juna, wannan ne ya sa da wuya matafiyi ya wuce bakin daji bai ga irin wannan ɗaki ba. A Faransa ma ana kafa gajeren dandamali na katako domin farautar taro, don a riƙa halbi ƙasa-ƙasa.

Sai kuma sanyi. A Nuwamba da Disamba, a jihohin arewa, ruwa yakan daskare a cikin gora. Mutumin da ke makyarkyata ba ya iya saiti. Wanda ke zaune cikin natsuwa yana da lokacin da zai duba dabbar da kyau, ya tabbata namiji ce ko mace, babba ce ko ƙarama, irin wadda takardarsa ta ba shi izni ce ko kuwa a'a, kafin ya taɓa kunamar bindiga.

ZAƁEN WURI YA RIGA SARAN KATAKO

Barewa ta fi yawo da asuba da kuma gab da magariba. Da rana tana kwance cikin duhuwa, da yamma ta fito neman abinci a gona ko a gindin itatuwa masu zubar da ƴaƴa. Tsakanin makwanci da wurin kiwo tana da hanyoyinta da ta saba bi. Mai son gina ɗaki yakan shafe watanni yana duban sawu, da kashi, da itatuwan da maza suka goge ƙahonsu a jiki, kafin ya ce ga inda zai kafa.

Abu na biyu da zai lura da shi, ta wace kusurwa iska ta fi busowa a lokacin farauta. Ana kafa ɗaki ne inda iska za ta taso daga wajen barewa ta nufo mahalbi. Haka kuma hanyar da mutum zai bi ya shiga ɗakin cikin duhu, tilas ta kasance ba ta ratsa makwanci ko wurin kiwo ba. Ɗaki komai kyansa, in mai shi ya kori naman da ƙafarsa tun kafin ya hau, ya yi aikin banza. Ana son kuma a jingina ɗakin da itatuwa ta baya, don kada ya tsaya tsirara a tsakiyar fili, kuma kada tagar da aka fi halbi ta cikinta ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta, ko gida, ko hanyar mota.

Akan yi ginin tun da bazara ko tsakiyar shekara, watanni kafin a buɗe farauta. Da farko barewa takan guji sabon abu. In ta ga ya daɗe a wurin bai motsa ba, sai ta saba, har ta riƙa kiwo a ƙarƙashinsa.

AWO DA KAYAN AIKI

Ɗakin mutum ɗaya yakan zama metir 1 da santimetir 20 a kowane gefe. Na mutum biyu, kamar uba da ɗansa, metir 1 da santimetir 80. Tsayin ciki kusan metir 2, yadda mutum zai iya miƙewa tsaye. Daga ƙasa zuwa dandamalin da ake takawa, yawanci metir 2 da rabi ne zuwa 3 da rabi. Masu gini da yawa sun gane cewa wuce haka ba ya ƙara amfani: iska tana ƙara ƙarfi, faɗuwa tana ƙara muni, kuma in dabba ta matso kusa, mai kallonta daga can ƙoli bayanta kawai yake gani, wurin huhu da zuciya ya ƙanƙance masa.

Ƙafafu huɗu ana yin su da ginshiƙan katako masu kauri santimetir 9 a kowane gefe. In ɗakin babba ne ko dogo, a sa masu santimetir 14. Katakon da ke ɗauke da dandamali kaurinsa santimetir 4 ne, faɗinsa 14, ana jera su a kan gefensu, tsakanin kowane biyu santimetir 40. A bisansu ake shimfiɗa falankin nan na ɓawon katako da aka manne hawa-hawa, mai kaurin milimetir 19. Na bango ya isa in ya kai milimetir 12.

Duk katakon da zai taɓa ƙasa ko ya sha ruwan sama, ana sayen wanda aka dafa da magani ne a masana'anta don kada ya ruɓe ko gara ta ci shi. A nan akwai abin lura. Har zuwa ƙarshen 2003 maganin da aka fi amfani da shi a Amurka yana da gubar arsenik, sai aka janye shi daga katakon aikin gida. Wanda ya maye gurbinsa yana da jan ƙarfe da yawa, shi kuwa yana cin ƙusa ta baƙin ƙarfe. Wanda ya haɗa sabon katako da ƙusa ta yau da kullum, bayan ƴan shekaru zai tarar tsatsa ta cinye ta a ɓoye cikin katakon, alhali daga waje komai lafiya. Don haka ake amfani da ƙusoshi da notuna da aka tsoma a ruwan tutiya, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ragowar irin wannan katako kuma ba a hura wuta da shi, domin hayaƙinsa da tokarsa guba ne.

ƘAFAFU DA DANDAMALI

Ba a tsayar da ƙafafun miƙe kamar na tebur. Ana buɗe su kaɗan ta ƙasa, yadda gindinsu zai fi dandamalin faɗi, kamar yadda mutum ke ware ƙafafunsa in zai ɗauki kaya mai nauyi. A kasuwa ana sayar da wasu ƙarafa huɗu da aka ƙera domin kusurwoyi, kowanne da bakin da ginshiƙi ke shiga a karkace. Ana ɗaure ginshiƙi da dandamali da noti mai ratsa katakon ya fita ta ɗaya gefen. Ƙusa kaɗai ba ta isa a wannan wuri, domin girgizar iska tana zare ta sannu a hankali.

Bayan haka sai katakon gicciye. A kowane gefe na huɗun, ana gilma dogayen katako biyu daga saman wannan ƙafa zuwa gindin waccan, su haɗu a tsakiya. Hikimar abin ita ce: siffa mai kusurwa huɗu, in aka tura ta daga gefe, takan karkace ta kwanta, mai kusurwa uku kuwa ba ta sake kama sai in katakon ya karye. Ɗakin da ba shi da gicciye yana iya tsayawa wata da watanni, ranar da iska ta zo sai ya durƙushe gaba ɗaya.

Mu yi lissafin iskar. Bango mai faɗin metir 1,80 da tsayin metir 2, in iska mai gudun kilometir 100 a sa'a ta buge shi, tana tura shi da nauyin da ya kai kamar kilo 170 zuwa 200. Wannan turi kuma yana can sama ne, metir 4 daga ƙasa, inda ya fi saurin kifar da abu. Shi ya sa nauyin ɗakin kaɗai ba abin dogara ba ne. Ana murɗa dogayen turaku na ƙarfe cikin ƙasa, a ɗaure ɗakin da su da wayar ƙarfe, ko dai ɗaya daga tsakiyar dandamali zuwa ƙasa, ko huɗu daga kusurwoyi. Ƙarƙashin kowace ƙafa ana sa faffaɗan dutse ko tubalin siminti don kada ta nutse in ƙasa ta jiƙe. Masu binne ƙafafun kuwa, a ƙasar sanyi sai sun haƙa rami mai zurfi, domin ƙasa in ta daskare takan kumbura ta tura ginshiƙi sama. A Mishigan ƙa'idar ginin gidaje ta ce harsashin gini ya wuce metir ɗaya da ɗan kai.

Hanyar tayar da ɗaki iri biyu ce. Wasu sukan haɗa shi duka a kwance a ƙasa, sa'an nan su ja shi da tarakta har ya miƙe. Wasu sukan tsayar da ƙafafu da dandamali tukuna, su harhaɗa kowane bango a gida, su ɗauko su a mota, su miƙa su sama ɗaya bayan ɗaya. Ta biyun ta fi jinkiri, amma ta fi sauƙin haɗari. Ko wace aka bi, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

BANGO, TAGOGI DA RUFI

Kafin a yanka taga, kafinta mai hankali yakan kawo kujerar da za a zauna a kai, mai ɗakin ya zauna, ya ɗaga bindiga marar harsashi kamar zai yi halbi, a sa alama a bango. Yawanci bakin tagar na ƙasa yakan faɗo wajen metir ɗaya daga dandamali. Tagar mai bindiga doguwa ce a kwance, tsayinta santimetir 25 zuwa 30 kawai, don haske kada ya cika ɗakin. Mai halbi da baka kuwa tagarsa a tsaye take, domin kibiya tana fita ne ƙasa da inda ido ke kallo, kuma baka yana bukatar sarari sama da ƙasa. Ana rufe tagogin da gilashin roba mai buɗewa ba ƙara, a kuma naɗe bakin tagar da tsumma ko roba inda bindiga za ta kwanta.

Cikin ɗakin ana shafa masa baƙin fenti, mahalbin ma ya sa tufafi masu duhu daga ƙirji zuwa sama. In taga ta gaba da ta baya suna buɗe lokaci ɗaya, barewa za ta hango inuwar kan mutum tsakaninsu; saboda haka ake sa labule a bayansa. Waje kuma a shafa launin ƙasa, ko toka-toka, ko kore marar ƙyalli. A dandamali ana shimfiɗa tsohuwar darduma, domin ƙarar takalmi ko faɗuwar harsashi a kan katako tana amsawa kamar ganga.

Rufi na kwano ne ko na falanki da aka lulluɓe da kwalta, gaba ya ɗara baya tsayi don ruwa da ƙanƙara su gangara, kuma ya zarce bango da kamar taƙi ɗaya don ya kare tagogi. Duk wata kafa ana toshe ta. Ɗakin da aka bari a buɗe wata tara, mai shi zai dawo ya tarar rina ta yi gida a kusurwa, ɓeraye sun cinye kujera, mujiya ta ɓata dandamali. A dazuzzukan arewa har beguwar can, mai hawa icce, takan gaigaye falanki saboda gishirin da ke cikin mannensa.

INDA RAI KE SALWANTA

Mutum zai zaci bindiga ce babban haɗarin farauta. A jihohi da yawa na Amurka, likitoci sun tarar waɗanda ake kawo musu saboda faɗowa daga wurin kwanto na sama sun fi waɗanda harsashi ya sama yawa. Faɗuwar metir 3 ta isa ta karya ƙashin baya. Yawancin faɗuwar kuma wajen hawa ne ko sauka, cikin duhu, da takalmi mai laka, bisa tsanin da raɓa ta daskare a kai.

Don haka masu gini na ƙwarai sun fi son matakala mai madogarar hannu a kan tsani miƙaƙƙe, da ɗan dandamali mai shinge a bakin ƙofa, inda mutum zai tsaya da ƙafa biyu kafin ya buɗe. Ƙyauren da ke buɗewa waje, in babu wannan dandamali, yana iya ture mai shi daga kan tsani. Ba a ƙusance matakin tsani a fuskar katako kawai. Ana sassaƙa masa gurbi ya zauna ciki, ko a sa masa matokari a ƙarƙashi. Ba a hawa da bindiga mai harsashi. Ana cire harsashin, a rataya ta a baya ko a jawo ta da igiya bayan an hau, bakinta yana kallon ƙasa.

Haɗari na biyu ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Mahalba da yawa suna shiga da ɗan murhun gas don jin ɗumi. Wuta a ɗaki rufe tana fitar da irin gubar nan da gawayi ke fitarwa in aka kwana da shi an toshe ƙofa: mutum ya ji ciwon kai, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Saboda haka ake barin kafar iska ɗaya ƙasa, ɗaya sama kusa da rufi, ba a kuma rufe su ko sanyi ya kai yaya.

Na uku shi ne tsufan katako. A Jamus ƙa'idar kiyaye haɗari ta wajabta a duba irin wannan gini kafin a hau, a kuma yi masa bincike sosai aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda ya lalace a gyara shi ko a rushe shi. Ana soka tsinin wuƙa a gindin kowace ƙafa da kowane mataki. In ya shige da sauƙi, katakon ya mutu. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA DOKA TA CE

A Amurka, a yawancin dazuzzukan gwamnati, an hana kafa ɗaki na dindindin. Sai dai abin da mutum zai ɗauke in lokacin farauta ya wuce. Dalili kuwa, daji na kowa ne, wanda ya gina ɗaki ya mai da wurin nasa. Don haka irin ɗakin da muka bayyana a filin mai shi ake ganinsa, ko filin da aka yi haya. A Teksas, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar mallakar mutane ce, hayar fili domin farauta babbar hanyar samun kuɗi ce ga makiyaya. Naman barewar daji kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Amurka. Mahalbi ya ci da iyalinsa, ko ya ba ƙungiyoyin da ke raba ma mabukata.

A Jamus tsarin dabam ne. Ba a ba mutum takardar farauta sai ya ci jarrabawa mai wuya a kan dabbobi, da doka, da bindiga, da tsabtar nama. Mai hayar yankin farauta yawanci shi ke biyan manomi in namun daji sun yi masa ɓarna. Ana halbe ƙaramar barewar ƙasar fiye da miliyan ɗaya kowace shekara, naman kuma yana shiga kasuwa, amma ba ta ƙare ba. A Faransa, dokar 24 ga Yuli 2019 ta wajabta sa riga mai haske a farautar taro ta manyan namun daji, ta kuma ce kowane mahalbi ya koma a sake koya masa ƙa'idodin tsaro duk shekara goma.

GARDAMAR MAHALBA

Ba duka mahalba suka yarda da ɗakin nan ba. Tun 1887, lokacin da Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiyar Boone da Crockett, ake maganar cewa farauta ta gaskiya ita ce wadda aka bar ma dabba hanyar tsira. Masu wannan ra'ayi suna cewa: mutumin da ke zaune kan kujera mai laushi, da murhu a gefensa, gabansa kuma ga injin da ke watsa masara a kan lokaci kamar yadda ake yi a Teksas, me ya bambanta shi da mahauci? Wasu jihohi sun hana zuba abinci don jawo barewa, musamman saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai rame dabba har ta mutu, wadda aka fara gani a jihar Kolorado a 1967, kuma take yaɗuwa inda dabbobi ke cunkusuwa wuri ɗaya.

Masu ɗaki su ma suna da amsa. Suna cewa halbin da aka yi a natse, bindiga tana kan madogara, shi ke kashe dabba nan take, maimakon a raunata ta ta je ta mutu a duhuwa bayan kwana uku. Suna cewa kuma ɗakin ne ya ba tsoho, da gurgu, da yaro mai koyo damar shiga daji. Gardamar ba ta ƙare ba, amma dukansu sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a wuce adadin da hukuma ta yanke.

NAMUN DAJINMU A GABAN TAGAR

Akwai abin da ya shafe mu a cikin wannan labari. A wasu manyan makiyayu na Teksas, dabbar da ke wucewa gaban tagar ɗakin kwanto ba barewar Amurka kaɗai ba ce. Akwai mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, wanda dominsa aka keɓe dajin Gadabeji a ƙasar Dakoro a 1955. Halbi cikin mota da bindigogin zamani, da fari na shekarun 1970 da 1980, da ƙuncin makiyaya, su suka gama da shi a Sahel, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. A Teksas kuwa akwai dubbansa cikin shinge, masu filin suna kiwonsa domin mahalba na biyan kuɗi mai yawa su halbi ɗaya. Mena ma, wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ke ɗauke da sunanta, waɗanda ke Teksas sun fi waɗanda suka rage a Termit da duwatsun Ayar da ƙasar Cadi yawa. Sai a 2016 aka fara mai da mariri dajin Cadi daga garken da aka tara a Abu Dabi, ya hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

Mu ma muna da doka: ta ran 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa sharuɗɗan farauta da kiyaye namun daji a Nijar. Abin da ya mai da barewa dubu 500 ta zama miliyan 30 a Amurka shi ne ƙidayar dabbobi, da rufe farauta lokacin haihuwa, da harajin da ke komawa daji, da mahalbin da ke sauke bindiga in takardarsa ta cika. Katako da kwano kowane kafinta na iya haɗa su cikin mako ɗaya. Sauran aikin kuwa yana wuyan hukuma, da sarakunan gargajiya, da ma'aikatan gandun daji, da su mahalban kansu, in ana son jikokinmu su ga mena da idonsu a dajin ƙasarsu.